Tsakin da ke cika bidiyon dare: daga ina yake fitowa, kuma yaya ake maganinsa?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar bikin dare a Garwa ko Marwa, ko zaman tafsiri bayan asham a Injamena, ya san wannan ɓacin rai. A ɗan allon kyamara hoto ya fito tas. Sai an koma shago an ɗora a kwamfuta a ga bango yana motsi kamar tururuwa sun yi dandazo a kansa, baƙar riga ta cika da ɗige-ɗigen ja da shuɗi, fuskar amarya kamar an watsa mata tsaki. Masu aiki da Faransanci suna ce masa bruit, wato hayaniya. A nan za mu kira shi tsaki, don da shi ya fi kama.

Galibi sai a ɗora laifi kan katin ajiya, ko a ce kyamarar ta tsufa, ko a ce ISO ne, wato saitin da ke kumbura hasken hoto. Kati dai ba ruwansa: katin da ba shi da sauri yakan tsayar da ɗauka ko ya lalata fayil, amma ba ya haifar da tsaki. Sauran biyun suna da hannu, sai dai ba yadda ake zato ba. Kuma abubuwa wajen shida ne ke ɓata bidiyon dare, duk ana kiransu da suna ɗaya, alhali maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Fara gane cutar

Ka ɗauko ainihin fayil ɗin da ke kan kati, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba. Buɗe shi a kwamfuta, ka faɗaɗa zuwa kashi 100, ka tsayar, sannan ka riƙa matsawa firam ɗaya bayan ɗaya, wato hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo, kana kallon wuri mai duhu.

In ɗige-ɗigen suna sauya wuri a kowane firam, babu wanda ya tsaya inda yake, wannan shi ne tsakin ƙarancin haske, kuma shi ne kaso mafi yawa na abin da ake kuka da shi. In kuwa akwai ɗigo ja ko fari ko shuɗi da ya kafe wuri ɗaya ko da kyamara ta juya, wani fiksel ne, wato gurbi ɗaya a jikin sensa, farantin da ke kama haske a bayan lens, ya yi zafi ko ya mutu. Siraran layuka da suka tsaya cik a tsaye ko a kwance, kamar hoton yana bayan labulen raga, daga hanyoyin karanta sensa suke, kuma suna bayyana ne in an ɗaga duhu da yawa. Manyan layuka masu faɗi, duhu da haske, suna gangarawa ko suna hawa sannu a hankali, wannan rigimar fitila ce da shota, wato tsawon lokacin da kowane firam ke shan haske. Ƙananan akwatuna masu kusurwa huɗu da ke narkewa a inuwa aikin matse fayil ne. Sai kuma zobba-zobba a sararin sama ko a jikin bango mai launi ɗaya, kamar matakalar bene, alamar launukan fayil ɗin sun yi kaɗan.

Akwai na bakwai da ba na kyamara ba ne sam. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska cike take da ƙura. In fitila tana kan kyamara daf da lens, kowace ƙwayar ƙura da ke gabanka sai ta kama haske ta dawo da shi, hoto ya yi fari-fari yana ƙyalli. Matsar da fitilar gefe da mita ɗaya ko biyu, abin zai ragu nan take. Ƙurar da ta shiga ta zauna a kan sensa kuwa takan fito ne a matsayin tabo mai duhu in an tsuke lens zuwa f/11 ko f/16. Da dare lens a buɗe yake, don haka da wuya a gan ta. Kada ka kai kyamara a goge sensa da sunan maganin tsakin dare.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Haske ƙwayoyi ne, kuma ba sa sauka a jere. Ka tuna farkon yayyafi a kan daɓen siminti: wani wuri ya samu ɗigo uku, na kusa da shi bakwai, wani ko ɗaya. Sai ruwa ya kankama daɓen ke jiƙewa bai ɗaya. Sensa miliyoyin ƙananan gurabe ne da ke ƙirga ƙwayoyin hasken da suka faɗa musu, kuma bambancin da ake samu tsakanin gurbi da maƙwabcinsa yana da ƙa'ida sananniya: ya kai kimanin lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka adadin ƙwayoyin.

Gurbin da ya kama ƙwaya 25, kuskurensa kimanin 5 ne, wato kashi 20 cikin 100. Wanda ya kama 100, kuskurensa 10, kashi 10 cikin 100. Wanda ya kama 10,000, kuskurensa 100, kashi 1 kacal, ido ba ya ganinsa. Abin lura a nan: sai ka ninka haske sau huɗu kafin tsaki ya ragu da rabi. Shi ya sa ƙara ɗan ƙwan fitila ɗaya a tsakar gida ba ya sauya komai, mutum ya ce ai na ƙara haske bai yi ba. Wannan tsaki a jikin hasken kansa yake, babu kamfanin da ya iya ƙera kyamarar da ta kuɓuta daga gare shi.

Sai na biyu, wanda kyamarar ke ƙarawa da kanta lokacin da take karanta abin da sensa ta tara tana mayar da shi lamba. Wannan ɗan kaɗan ne a kyamarorin zamani, ba a jin ɗuriyarsa a wuri mai haske. Amma a lungun da ƙwayoyi goma ko ashirin kawai suka sauka, shi ma yana da baki.

Girman sensa ya shigo nan. Cikakkiyar sensa, mai milimita 36 da 24, faɗinta ya kai milimita murabba'i 864. Ta APS-C, irin ta yawancin ƙananan Canon da Nikon da Sony da ake aikin biki da su, tsakanin 330 da 370 take. Micro Four Thirds na Panasonic kimanin 225. Ƙananan kyamarorin hannu masu sensa 1/2.3 kuwa ba su wuce 28 ba. In lambar f, wato buɗewar lens, da shota daidai suke a duka biyun, babbar tana tara haske fiye da ƙaramar sau 30. Wanda ke riƙe da ƙaramar kyamarar hannu a zauren da ƙwai biyu ke ci ya san iyakarsa tun kafin ya danna.

Laifin ISO

Wanda ya taɓa kama tashar gajeren zango da dare ya riga ya fahimci ISO. In tashar ta yi nisa, muryar mai labarai tana can ƙasa, sai ka murɗa ƙara: muryar ta ɗaga, shuuu ɗin ma ya ɗaga tare da ita. Maɓallin ƙara bai ƙirƙiri shuuu ba, raunin tashar ne. Haka ISO yake. Ba ya ƙara wa sensa ƙwayar haske ko ɗaya, abin da ta samu yake kumburawa. Daga 800 zuwa 1600 ninki biyu ne, zuwa 3200 ninki huɗu, zuwa 6400 ninki takwas. A kyamarorin kafaɗa da ke ƙirga da dB, kowane 6 dB ninki biyu ne, don haka 18 dB daidai yake da ninki takwas.

Daga rashin fahimtar wannan ne kuskure mafi tsada ke fitowa. Mutum ya ji an ce ISO mai yawa yana kawo tsaki, sai ya kafe a 800 a wurin da ke buƙatar 3200, hoto ya fito duhu, ya ce zai ɗaga a montaj, wato wajen haɗa bidiyo a kwamfuta. Abin da zai samu ya fi muni nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, kyamara ta riga ta matse fayil ɗin, kuma manhajar matsewa ta fi zubar da bayanai a wuri mai duhu, tana ganin ba mai kallonsu. Da ka ɗaga, sai akwatuna da launin kore da shunayya su taso. In haske ya ƙare maka, ka ba hoton ISO ɗin da zai fito daidai tun a kyamara.

Wasu kyamarori suna da tushen ISO biyu, wato hanyoyin karatu biyu a sensa ɗaya. Blackmagic Pocket 4K tana da 400 da 3200, kuma tana sauya hanya daga 1250, shi ya sa inuwar 1250 ta fi ta 1000 tsabta. Panasonic GH5S tana da 400 da 2500. Sony FX3 a saitin launinta na S-Log3 tana da 800 da 12800, har 12800 ya fi 10000 kyau. Mai irin waɗannan da ya tsaya daf da ƙasan tushe na biyu don tsoron babbar lamba, ya zauna a wuri mafi ƙazanta ke nan.

Ba sai an gaya maka halin taka ba, kana iya gwadawa cikin rabin sa'a. Kafa kyamara a kan ƙafa a ɗaki mai ƙwai ɗaya, ka sa farar takarda da baƙin ƙyalle da fuskar mutum a gaba. Saita komai da hannu: firam 25, shota 1/50. Ɗauki daƙiƙa goma a kowane ISO daga 400 har 12800, kana tsuke lens duk lokacin da ka ƙara ISO don hasken hoton ya zauna daidai, kana kuma faɗin lambar da baki don makirufo ya riƙe maka. Sannan rufe lens da murfinsa ka maimaita: duk abin da ya fito a wannan baƙin hoton daga cikin kyamarar yake, kuma a nan za ka ga matattun fiksel da layuka. Kalli duka a babban allo ka rubuta lambar da daga ita ba za ka iya miƙa wa mai biki aikin ba. Ita ce iyakarka. In kyamarar tana ba da dama, sa ta a matsayin rufin ISO mai sarrafa kansa.

Inda ake samo haske

Lens ɗin da ke zuwa da kyamara, 18-55, yana buɗewa zuwa f/3.5 in an ja baya, amma da ka zuƙo zuwa 55 sai ya tsuke kansa zuwa f/5.6. Kusan kashi 60 cikin 100 na hasken ya tafi ba ka taɓa komai ba, kyamara kuma ta cike giɓin da ISO. Wannan ne dalilin da hoton taro gaba ɗaya ke fitowa da dama-dama, amma da an zuƙo fuskar ango sai tsaki ya rufe. Lens mai 50 f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kowane kamfani, in ka sa shi a f/2 yana shigar da haske kusan ninki takwas na f/5.6. Wurin da ya ci ISO 12800 sai ya koma 1600. Babu wata manhaja da za ta yi maka wannan.

Ba kyauta ba ne dai. A kan APS-C, lens 50 a f/1.8, mutum yana nesa da kai mita 3, abin da zai fito sarai bai wuce santimita 25 daga gaba zuwa baya ba. Amarya ta fito, ƙawarta da ke bayanta ta dushe. Ga mai wa'azi da ke zaune wuri ɗaya wannan ba matsala ba ce. Ga filin rawa kuwa, gara lens mai faɗi kamar 24 ko 35, don zurfinsa ya fi yawa a lambar f ɗaya.

Shota ita ce ƙofa ta biyu. A firam 25 ana ajiye ta a 1/50. Wanda ya manta ta a 1/200 tun ɗaukar rana ya zubar da kashi uku cikin huɗu na haskensa. Ɗaukar firam 50 don a rage gudu a montaj tana buƙatar 1/100, rabin haske ya tafi. A bar wannan ado ga kamun rana. In abu ya ƙi, ana iya sauka zuwa 1/25 a samu ninki biyu, amma duk hannun da ya motsa zai bar jela. Ga malami a kan buzu wannan zai yi, ga makaɗi ba zai yi ba. A duba kuma tacen da ke gaban lens: gilashin rage hasken rana da aka manta a kai, ko maɓallin ND na kyamarar kafaɗa da aka bari a kunne tun la'asar, ya sha jefa mutane cikin neman cutar da babu ita.

Sai fitila, wadda ita ce maganin gaske. Ƙa'idarta: in ka rage nisa da rabi, haske ya ninka sau huɗu. Fitilar da ke mita 4 daga kujerar ango da amarya, dawo da ita mita 2, ISO 6400 ya koma 1600 ba ka sayi komai ba. Fitilun LED biyu masu batir, a kan sanda, ɗaya a gefen dama sama da kai kaɗan tana kallon fuska a karkace, ɗaya a hagu da rabin ƙarfi, sun wadatar da wurin zaman ma'aurata. Baƙar fata tana fitowa da kyau ne in hasken yana da faɗi da laushi, don sheƙin fatar ne ke zana siffar fuska. Saboda haka a sa farin ƙyalle a gaban fitilar, ko a haska farin bango ya dawo da hasken. Ƙaramar fitila tsirara a kan kyamara goshi da hanci kawai take ƙonawa, ta bar bayan mutum cikin duhu mai tsaki, ga kuma jama'a suna kare ido da hannu.

Farar shadda da launin ƙwai

Ga wata matsala da ta fi damun mu fiye da masu rubuta littafin kyamara. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki. A taronmu kuwa maza sun sha farar shadda da farar jallabiya, a Cadi ga farin rawani a kai. Kyamara ta ga fari ya cika hoto sai ta rage haske, fuskoki su nutse, a zo montaj a ɗaga su, tsaki ya fito a daidai wurin da mai kallo ke kallo. Ka saita da hannu, ka auna a fuska. Kunna layukan zebra, waɗanda ke nuna a allo inda haske ya kusa ƙona hoto, a kashi 95 ko 100: ka ƙara haske har su fara bayyana a kafaɗar riga mafi fari, sannan ka ja baya kaɗan. In wani ɗan yanki na riga ya ƙone ba wanda zai yi ƙorafi, amma uwar amarya za ta yi magana in ba ta gane fuskar 'yarta ba. Kada ka yarda da hasken allon kyamara da dare. Ido ya saba da duhu, komai sai ya yi maka kamar ya isa.

Launi ma yana da hannu. A kan sensa, cikin kowane gurabe huɗu biyu na kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Ƙwai mai jan haske, na wajen 2700 zuwa 3200 a ma'aunin Kelvin, shuɗin da ke cikinsa kaɗan ne. Don fari ya fito fari, dole kyamara ta kumbura ɓangaren shuɗi fiye da sauran, shi ya sa tsakin shuɗi da shunayya ke fara bayyana a irin wannan wuri. Ka daidaita fari da hannu a kan farar takarda a inda mutanen za su zauna, kuma ba laifi ka bar hoton da ɗan ɗuminsa. Dare ne, ba wanda ke jiran ya ga hasken azahar. Gyara launin da ya karkace sosai a montaj wani kumburawa ne a kan na farko.

Abubuwan cikin menu da ke ƙara wuta

Log, wani saitin launi da ke fitar da hoto a dushe don a gyara shi a montaj, ya zama abin yayi, kowa yana so a ce da shi yake ɗauka. An yi shi ne don wurin da haske mai ƙarfi da inuwa suka haɗu, kamar hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo da hantsi. Yana ɗaga inuwa, yana kuma raba 'yan matakan launi a kan faɗi mai yawa. Kyamara mai bit 8, irin Sony A7 III ko A6400, matakai 256 take da su a kowane launi. Mai bit 10 tana da 1024. Log a bit 8 da dare, tsaki da zobba ne kawai ribarsa. A ɗauka da launi na yau da kullum. Mai bit 10 da ya nace, ya ba hoton ƙarin haske ninki biyu zuwa huɗu sama da abin da ma'auni ya ce, ya sauke a montaj. Saukewa tana binne tsaki, ɗagawa tana tono shi.

A rage kaifin hoto na cikin kyamara, don ba ya bambance gashin ido da tsaki, duka yake kaifafawa. A kashe abin da ke ɗaga inuwa da kansa, wanda Sony ke kira DRO, Nikon kuma Active D-Lighting. Zuƙowa ta dijital da hana rawar hoto ta lantarki suna yanke gefen sensa su faɗaɗa tsakiya, tsakin ma ya faɗaɗa. Ga masu ɗauka da waya: kyamarar 1x ita ce mai babbar sensa da buɗaɗɗen lens, ta 0.5x da ta zuƙowa ba na dare ba ne.

Yawan bayanai a daƙiƙa ma abin dubawa ne. AVCHD na tsofaffin kyamarori iyakarsa megabit 24 zuwa 28. Tsaki yana sauyawa a kowane firam, manhajar matsewa kuma tana ɗaukarsa a matsayin motsi, sai ta ƙarar da rabonta a kansa ta bar fuska da akwatuna. Zaɓi mafi girman da kyamara ke da shi. Kati mai alamar V30 yana ɗaukar megabit 240. In kyamarar tana karanta dukkan sensa a 4K, ɗauki 4K ka sauke zuwa 1080 a montaj: fiksel huɗu sun haɗu sun zama ɗaya, tsaki yana iya raguwa har kusan rabi.

Zafi

Yawancin kyamarori an rubuta musu aiki tsakanin digiri 0 da 40. A Kusuri da Injamena da Marwa, Afrilu da Mayu sukan haura 40 da rana, kuma jikin baƙar kyamara da ta wuni a rana ko a cikin mota ya fi haka. Sensa tana fitar da 'yan lantarki na ƙarya ko da babu haske, kuma adadinsu yana ninkawa duk ƙarin digiri 6 zuwa 8. A bidiyo, da yake kowane firam 1/50 ne na daƙiƙa, wannan ba ya cika hoto da tsaki kamar yadda wasu ke faɗa. Inda yake bayyana shi ne fiksel masu zafi: ɗigon da babu shi a farkon biki sai ga shi bayan minti 40, ya ƙi tafiya. Kyamarar da ke yin haka a Garwa tana iya wuni lafiya a Ngaundere, inda tudu ya sa iska ta fi sanyi.

Janye allon daga jikin kyamara don bayanta ya sha iska, kashe ta tsakanin ɗauka, kada a bar ta a buɗe tun la'asar ana jiran isowar amarya. Kada kuma a sa ta a firji ko gaban na'urar sanyaya ɗaki a fito da ita waje, raɓa za ta kwanta a cikin lens. Ɗigon da ya zauna ko kyamara tana da sanyi, a nemi Pixel Mapping a menu na Sony ko Pixel Refresh a Panasonic, a yi shi da murfi a rufe. Kyamarorin kafaɗa suna da daidaita baƙi, shi ma da lens a rufe, bayan sun yi ɗumi. Amma layi ko gungun ɗigo da ya bayyana bayan bikin da aka kunna fitilar leza ta masu kiɗa, wannan ƙuna ce a jikin sensa, sai canji. In ka ga koren zaren haske yana yawo a fili, kada ka fuskantar da lens gare shi.

Wutar lantarki

Wutar Kamaru da Cadi mai 50 ce a daƙiƙa, don haka fitilu da yawa suna ƙiftawa sau 100. Shota 1/50 ko 1/100 tana dacewa da wannan. Kyamara ko wayar da aka sayo da saitin Amurka tana kan NTSC, firam 30 da shota 1/60, sai manyan layukan nan su fito. Mayar da ita PAL, mai firam 25. In ana kan janareta, wanda muke ce wa gurup, lissafin yana iya kaucewa: ƙaramin gurup sai ya yi juyi 3000 a minti yake ba da 50, da kaya sun yi masa yawa sai ya sauka. A nan sai ka riƙa matsa shota kaɗan-kaɗan kana kallon farin bango har layukan su tsaya. Wasu kyamarori suna ba da damar lambobi irin 1/48 ko 1/49. Fitilar LED mai araha da aka rage wa ƙarfi ma tana yin siraran layuka, don kunnawa da kashewa take yi da sauri. Ƙure ta, ka rage hasken da nisa ko da ƙyalle.

Layukan da ke fitowa kawai in kyamara tana jone da caja ko da wayar HDMI zuwa kwamfuta, kamar lokacin watsa tafsiri kai tsaye a Facebook, gwajinsu sauƙi ne da shi: cire komai ka koma batir. In sun ɓace, cajar ce ko wayar, ko kuma kyamara da kwamfuta da na'urar sauti suna shan wuta daga soket daban-daban. Haɗa su a layi ɗaya.

A teburin montaj

Abin da ya riga ya shiga fayil ana iya rage shi, ba a iya goge shi. Tsari shi ne a fara da wanke tsaki, sannan gyaran launi, kaifi a ƙarshe. DaVinci Resolve yana da kayan wankin a sigar Studio ta kuɗi, Neat Video kuma ana ɗora shi a kan Premiere da Resolve. Mai haƙurin rubuta umarni yana da hqdn3d a cikin ffmpeg kyauta. Wankin iri biyu ne. Na farko yana kwatanta firam da na gabansa da na bayansa, abin da ya sauya ba dalili ya share shi. Firam 2 ko 3 sun isa, in ka wuce haka hannun mai rawa zai riƙa barin inuwa a baya. Na biyu yana shafe cikin firam ɗaya, shi ne mai mayar da fuska kamar roba. Fara da tsakin launi, ja da shuɗin nan, ka matsa masa sosai, don ido ba ya rasa komai in ya tafi. Tsakin haske kuwa a taɓa shi da sauƙi, a bar kaɗan. Ma'auninka zanen aikin wuyan riga da lallen hannun amarya: da sun fara narkewa, ka wuce gona da iri. Sauke baƙin hoto kaɗan ma yana ɓoye abin da ya rage a lungunan da ba kowa a ciki.

Wankin yana cin ƙarfin kwamfuta, minti biyar na 4K yana iya ɗaukar sa'a a ƙaramar kwamfuta, don haka a yanka aikin tukuna a wanke abin da zai shiga kawai. Wajen fitarwa, YouTube yana ba da shawarar megabit 8 ga 1080 mai firam 25, amma bidiyon dare ka ba shi 15 zuwa 20, tunda za su sake matse shi. In ta WhatsApp za a aika wa mai biki, a tura shi a matsayin takarda, wanda ke ɗaukar har gigabait 2. In aka tura shi a matsayin bidiyo, manhajar za ta sake matse shi, akwatunan da aka sha wahalar kaucewa su dawo a inuwa.